Hatimin da Na Buga a Juye

Me ya rufe mini baki ranar da baƙi suka zauna a zauren gidanmu suka tambaye ni wanda ya ɗauki hatimi? Shekara da shekaru ina juya wannan tambaya, a kan sallaya da bakin murhu, ban samu amsar da ta kwantar mini da rai ba. Wani lokaci in ce tsoro ne. Wani lokaci in ce tausayin Malam Bukar da 'ya'yansa ne. Wani lokaci kuma in ce idon babanku ne da ya kalle ni da shi. Ni ban iya rubutu ba, 'yar'uwarku Maryamu ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta ga ina kuka. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa an cire babanku daga shugabancin ƙungiyar masu sayar da littattafai ne saboda yana sayar da katin ƙungiya ga mutanen da ba a san asalinsu ba. Haruna, saboda wannan magana ka sauke allon shagon, ka mayar da shi wurin sayar da wayoyi. Ban hana ka ba, don ba ni da bakin hana ka. Yanzu ƙafata ɗaya ta yi nisa, ba na son in je in tarar da babanku da wannan kaya a kaina.

Tun kafin a ɗaura mana aure babanku yake sayar da littattafai. Da tabarma ya fara a bakin masallaci, daga baya ya samu shago kusa da babbar kasuwa, rabi littattafan addini, rabi na 'yan makarantar boko. Ni da aka ɗauko daga rugarmu ta wajen Dukku ban san bambancin littafi da littafi ba sai ta launin bango. Amma ƙungiya kam na san ta kamar yadda na san dangin miji, domin a gidanmu na Kagarawal ake yin taron reshen jiha, ni ke dama musu fura. Ƙungiyar ta ƙasa ce baki ɗaya, kowace jiha da reshenta, kowane reshe da ciyaman da sakatare da 'yan kwamiti waɗanda mambobi suke zaɓa da ɗaga hannu, sannan sau ɗaya a shekara a yi babban taro a gari ɗaya, bana Kudu, baɗi Arewa. Babanku ya ce min kafin a kafa ta, masu buga littattafai sai sun gama raba wa shagunan Kudu sannan ragowar ta iso mana, yara sun yi rabin zango babu littafin lissafi. Ga masu bugun sata, waɗanda suke kwafe littafin mutum su buga shi da mummunar takarda, shafi goma babu, su cika kasuwa da shi. Ga wanda gobara za ta cinye wa shago ya rasa mai ce masa sannu. Don waɗannan aka haɗu, a zama murya ɗaya a gaban masu bugawa da gaban hukuma. Duk wanda ka ga yana riƙe da katin ƙungiya, to an san shagonsa, an san ba ya taɓa littafin jabu.

Akwai wata doka a kundinsu mai koren bango da babanku yake alfahari da ita, domin shi ya kawo ta a babban taro tun yana da baƙin gemu. A wata jiha an taɓa samun ciyaman da ya riƙa ba masu bugun sata kati shi kaɗai a ɗakinsa. Sai babanku ya tashi ya ce kati kada ya zama kati sai da hannu biyu: ciyaman ya sa hannu, sakatare ya buga hatimi, kuma hatimin kada ya kwana a wurin ciyaman ko sau ɗaya. Wanda ya baro wata jiha kuma sai ya zo da takarda daga reshensu. Idan ya fara ba da labarin ranar da aka amince da wannan doka, furarsa har ta yi tsami a ƙwarya. Nakan tsokane shi in ce:

"Malam, wannan koren littafin ko da shi za a binne ka?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Dije, ke ba ki san mutum ba ne. Mutum shi kaɗai a ɗaki, ko ni ne, kada ki ba shi hannu da hatimi tare."

Sakataren reshenmu Mista Okeke ne, wanda a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa fita, har Fulatanci yakan tsokane ni da shi. Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda abin ya iso mu, bayan mun daɗe muna jin sa a rediyo daga Maiduguri da Damaturu. Bam ya tashi a tasha, ya sake tashi, aka kafa shingaye a kowace hanya, mutum ya sauka daga mota ya ɗaga hannu sama ya wuce. Shagon Mista Okeke yana bakin tasha, gilashinsa duk ya zube. Matarsa ta ce ba za ta ƙara kwana a garin ba, ya ce zai kai su gida ya dawo. Ranar da zai tafi da hantsi ya zo, bai tsaya a zaure ba, ya yi sallama ya shigo har tsakar gida inda nake tankaɗe. Ya ciro wani abu a ƙulle cikin hankici.

"Madam Ciyaman, ga amana. A hanya za a iya ƙwace shi, a shago za a iya sace shi. Doka ta ce kada ya kwana wurin ciyaman, ba ta ce kada ya kwana wurin matarsa ba."

Babanku yana tsaye a bayansa, ya ce, "Okeke, wannan wayo ne."

"Wayo ne, Oga, amma ka nuna mini shafin da ya hana. Madam, ko shi ya roƙe ki da kuka kada ki ba shi. Sati uku na dawo."

Na karɓa na sa shi cikin kwallar aurena, wadda take can ƙasan jere, tare da ɗan akwatin tawadarsa. Sati uku ya zama wata uku, ya zama biyar. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a can, ga matarsa ta ɓoye masa makullin mota. Ba na ganin laifinsa, har yau ba na gani.

A cikin waɗannan watanni ne Malam Bukar ya iso. Babarbare ne, mai sayar da littattafai a wani gari na Borno, sun san juna da babanku a babban taro tun shekarun baya. An ƙone layin shagunansu, ya fito da matarsa Ya Falmata da 'ya'ya mata huɗu da kwali biyu na littattafai da ya iya ja daga wuta, wasu gefensu duk ya babbake. Babanku ya ba su ɗakin da ke kusa da rijiya. Ya Falmata ba ta iya Hausa sosai ba, ni ma tawa da saura, amma muka fahimci juna a bakin turmi. Ita ta koya mini burabusko da haɗa turaren wuta, ni na koya mata yadda ake gane kindirmon da ba a tsarma masa ruwa ba. Da fari ko tukunya ta faɗi sai ta rarumi ƙaramar 'yarta ta yi bayan ɗaki. Malam Bukar mutum ne mai kunya, cin abincin gidan wani yana ƙona shi. Ya ce zai riƙa ɗaukar littattafai yana bin kasuwannin ƙauye, Kumo, Bajoga, Dukku, duk inda kasuwa take ci. Amma ku tuna zamanin. Mutum da zane a fuska irin na Barebari, da Hausa mai karkata, da kwali cike da littattafan Larabci, ya zo shinge. Katinsa na ƙungiya ya ƙone da shagon. Katin nan kuwa a lokacin ya wuce maganar ciniki, shi ne abin da mai kwali yake nunawa a shinge a ce masa wuce.

Babanku ya kai maganar gaban kwamiti. Mataimakinsa, Alhaji Sale, ya ce doka ta ce a zo da takarda daga reshen da aka baro. Babanku ya ce ciyaman ɗin can ba a san inda yake ba, sakatarensu kuma ya rasu. Alhaji Sale ya ce to a jira. Kada ku riƙe Alhaji Sale a zuciya. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda suka mutu a tasha, shi ya je ya gane shi ta zobe. Ina bayan ƙofa da ƙwaryar fura na ji yana cewa:

"Ciyaman, idan wani ya sa abin da ya sa a ƙasan kwali, ya rufe da littafi, ya wuce shinge da katinmu fa? Wa zai ƙara yarda da mai sayar da littafi a ƙasar nan?"

Aka tashi a kan cewa babanku zai iya sa hannu tunda ya san mutumin, amma hatimi sai sakatare ya dawo ya duba ya gamsu. Babanku ya cika katin, ya manna hoto, ya sa hannu, ya cusa shi cikin koren kundin, ya ɗora a kan kabad. Na ce masa hatimin ga shi nan a kwalla, taku biyar daga inda yake zaune. Ya ce, "Taku biyar ɗin nan ya fi nisan Legas." 

Malam Bukar bai iya jira ba, ya fita babu kati. Ranar da ya dawo, ana kiran la'asar, ban gane shi ba sai da ya yi magana. An sauke shi a wani shinge tun da safe, aka zazzage littattafansa a ƙasa, aka ce ya zauna a kan kwalta ya kalli rana har sai an gama bincike. Motar ta tafi ta bar shi. Leɓensa ya tsage, idonsa ya kumbura ya yi ja, bayan wuyansa ya saluɓe. Bai ce an doke shi ba, amma da ya zo yin alwala na ga ba ya iya ɗaga hannun hagu. Babanku a lokacin ya tafi Kano ɗauko littattafan sabon zango, zai yi kwana shida. Washegari da safe Ya Falmata ta shigo ɗakina. Ba ta roƙe ni komai ba, ba ta ma san hatimi yana wurina ba. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen lafayarta, ta ce:

"Dije, ya ce jibi zai sake fita. Na ce ya zauna, ya ce shi ba mace ba ne da zai zauna ana ba shi tuwo. Idan bai dawo ba, ni da yara huɗu ina za mu?"

Da ta fita na daɗe a zaune. Sannan na tashi na sauke jere ɗaya bayan ɗaya har na kai ga kwallar. Na taka kujera na ɗauko koren kundin, na zaro katin, na gane shi ta hoton. Sau da yawa na ga yadda Mista Okeke yake yi a zaure: ya danna hatimi a tawada, ya kawo shi bakinsa ya yi masa "ha", sannan ya ɗora ya danne da tafin hannu. Na yi duk yadda yake yi, har "ha" ɗin. Abu ɗaya ne ban sani ba. Hatimin zagayayye ne, rubutu ya kewaye shi, a tsakiya kuma akwai zanen littafi a buɗe. Ni da na duba sai na ga kamar jinkar ɗaki, na ce ai tsinin jinka sama yake kallo. Na juya shi yadda ɗaki yake tsayawa, na buga. Ya fito raɗau, har na ji daɗin aikina. Ashe na kifar da littafin, rubutun duk ya koma ƙafa a sama. Na kai wa Malam Bukar na ce babanku ya bar sallahu a ba shi, an gama komai. Wannan ce ƙaryar da na yi da bakina. Idonsa bai gama warkewa ba, ga murna, bai tsaya dubawa ba. Ya riƙe katin da hannu biyu yana sa wa babanku albarka.

Ya fita ya yi mako yana zagaya kasuwanni. Ya bugo wa Ya Falmata waya ya ce shinge bakwai ya wuce, ana ganin kati ana cewa ya tafi. Ranar ta yi mana burabusko da miyar kuɓewa, ta yi ta rera waƙar garinsu. Babanku ya dawo daga Kano ya tarar da gida cikin fara'a, bai buɗe kundin ba, ni kuma kullum sai in ce gobe zan faɗa masa. Kwana biyu da dawowarsa, a shingen hanyar Kumo, aka samu jami'in da ya tsaya ya karanta katin da kyau. Ya ga hatimi a juye, ya ce jabu ne. Suka tsare Malam Bukar, suka kira lambar da ke bayan katin, wadda ta Alhaji Sale ce. A wancan zamani, Babarbare da katin jabu da kwalin littattafai, idan aka wuce da shi gaba, iyalinsa sai dai su yi ta tambaya.

Da azahar babanku ya shigo gida, abin da ba ya yi a ranar kasuwa. Bai cire takalmi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce:

"Dije, ina hatimin?"

Na ce yana cikin kwalla.

"An taɓa shi?"

Na durƙusa. Na fashe da kuka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗauko mini shi, da tawadar." Ya sa su a aljihu ya fita. Daga baya Alhaji Sale ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Babanku ya ajiye hatimin a kan teburin babban jami'in, ya ce ga hatimin ƙungiya na gaskiya, a gwada a gani. Aka buga a farar takarda, aka haɗa da na katin, suka zo ɗaya. Jami'in ya ce to wa ya buga shi a juye kamar wanda bai taɓa shiga aji ba? Babanku ya ce, "Ni ne. Na bar tabarau a shago." Suka yi masa dariya, suka ce tsoho ya riƙa lura, suka saki Malam Bukar kafin magariba. Da babanku ya ce matarsa ce ta buga, katin ya zama na bogi ke nan, da Malam Bukar bai kwana a gida ba, wataƙila ni ma haka. Amma Alhaji Sale yana tsaye a wurin, ya ji ciyaman ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa hannu, shi ya buga hatimi. A mota ya ce masa, "Ciyaman, ka san dole in rubuta." Babanku ya ce, "Idan ba ka rubuta ba ni zan rubuta."

Bayan wata guda uwar ƙungiya ta aiko mutum biyu, wani dattijo daga Kano da wata mata daga Ibadan wadda ita ce mai kula da ladabtarwa. A lokacin ba kowa yake yarda ya zo Gombe ba, amma suka zo. Mista Okeke ya gaya musu ta waya cewa a hannuna ya bar hatimi, don haka suka ce suna son su ji daga bakina. Na sa mayafi na fito zaure na zauna a bakin ƙofa. Matar ta gaishe ni da ladabi, ta ce in yi haƙuri, dattijon yana fassarawa.

"Hajiya, an ba ki amana. Abu ɗaya muke son sani. Wa ya ɗauki hatimin daga inda kika ajiye shi?"

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Ni ce, kalma biyu. Na ɗaga kai, sai na ga babanku yana kallona, ba da fushi ba, kallo ne irin wanda yake yi mini idan ina shirin faɗin abin da bai kamata ba a gaban baƙi. Daga cikin gida kuma ina jin Ya Falmata tana daka. Na buɗe baki na rufe. Sai babanku ya ce:

"Ni na ce ta ba ni. Mace ba ta musu da mijinta a kan abin da yake cikin gidansa. Ku bar ta ta koma ciki."

Matar ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta gane wani abu, domin mace ce. Ta ce da shi, ta bakin dattijon, "Malam, kai ka kawo wannan doka. Shekara nawa kana buga wa wasu misali da ita. Mutumin da ya sayar da littafi tsawon rayuwarsa ba ya kifar da littafi, ko da tabarau ko babu." Babanku ya ce, "Ranar na kifar." Ta rufe takardunta. Da za su tafi ta riƙe hannuna a ƙofa ta matse.

Hukuncin ya zo a takarda. An sauke shi daga kujerar da ya riƙe zaɓe bayan zaɓe, an dakatar da shi shekara biyu, ba zai yi magana a taro ba, ba zai ƙara tsayawa takara ba. Katin Malam Bukar kuwa suka bar shi, suka ce tunda ciyaman ya ɗauki laifin, mai katin ba shi da laifi, Mista Okeke ya sake buga masa idan ya dawo. Alhaji Sale ya hau kujerar. Takardar ba ta ce ya sayar da komai ba, amma kasuwa ba ta karanta takarda. Aka ce kati nawa ya raba wa 'yan Borno, aka ce ai ba banza ba, har aka ce wa ya san waɗanda yake ɓoyewa a gidansa. Wasu makarantu suka daina aiko masa. Mutanen da suka sha furata shekara da shekaru suka riƙa gaishe shi daga nesa. Ku a lokacin wasunku suna makaranta a Bauci, wasu suna gidajen aurensu, abin da ya iso kunnenku ke nan. Babban yayanku ya zo ya tambaye shi gaskiyar magana, ya ce masa, "Na karya doka, an hukunta ni, shi ke nan." Malam Bukar ya so ya je kasuwa ya yi rantsuwa cewa ko sisi bai bayar ba, babanku ya hana shi, ya ce Babarbare ya tara jama'a a kasuwa a wannan zamani, so yake a sake kama shi? Bayan shekara su Malam Bukar suka samu ɗaki a unguwar Hammadu Kafi suka tashi. Har ya koma Borno bai san ni na buga ba.

Da babban taro ya matso, na ga babanku yana zama da takarda da biro bayan sallar asuba, yana rubutawa yana sokewa. Na tambaye shi, ya ce gyara ne yake so a yi wa kundi: wanda rikici ya raba da garinsa, idan mambobi uku suka tsaya masa, a ba shi kati ba sai da takardar reshensu ba, kuma idan sakatare ya yi nisa kwamiti ya naɗa mai riƙon hatimi a rubuce. Na ce ai an hana shi magana. Ya ce ya sani. Wata safiya sai ga Alhaji Sale a zaure, shi kaɗai. Suka gaisa kamar baƙi. Can ya ce:

"An ce kana rubutu, Ciyaman."

"Kai ne ciyaman, Alhaji."

"Ka ba ni takardar. Amma ka sani, idan na ce taka ce ba za ta wuce ba."

"Kada ka ce tawa ce."

Ya ninke ta ya sa a aljihu. A taron ya tashi ya karanta ta da sunansa, shi da ƙaninsa ya mutu a tasha, kuma ta wuce. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa da yawa sun samu kati ta wannan gyara, a nan da sauran jihohi. A kundin yanzu babu sunan babanku a wurin. Na so ku san hannun wa ya rubuta.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne, tun ranar da ya karɓi hatimin daga hannuna bai sake tayar mini da maganar ba. Bai zage ni ba, bai ƙi cin tuwona ba, bai ɗaga mini murya ba. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Sau uku ina cewa zan je wurin Alhaji Sale in faɗi gaskiya, sau uku yana cewa, "Tuwonki yana ƙonewa," ko da babu tukunya a wuta. Sai na ɗauka ya riƙe ni a zuciya ne, kunya irin tamu ta hana shi faɗa. Ranar taron reshe, wanda ya koma gidan Alhaji Sale, yakan yi wanka ya sa babbar riga kamar zai fita, sai ya zauna a zaure shi kaɗai har a yi azahar. Ina leƙensa ta labule in koma ɗaki in toshe bakina da zane. Ya rame. Likita ya ce hawan jini ne, a rage masa gishiri da tunani. Gishirin na iya ragewa.

Saura wata biyu dakatarwar ta ƙare ciwon ya buge shi. Ranar da safe bai je shago ba, ya ce kansa yana nauyi, na shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida. Na kawo masa kunun gyaɗa, ya sha kaɗan ya ajiye. Na zauna a gefe ina tsince wake. Ban san abin da ya zo mini ba, sai na ji ina cewa, "Malam, ka yafe mini. Ni na ɓata maka suna." Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Kafin azahar bakinsa ya karkace, muka kai shi asibiti, ya yi kwana tara bai ƙara furta kalma ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma kafin nan, a kan tabarmar, ya juyo ya dube ni, ya kira sunana yadda yake kira tun ina yarinya, ya ce:

"Dije, da ni ne a gida ranar, da ban buga ba. Da na bi doka, da Bukar ya sake fita hannu wofi. Kullum ina gode wa Allah da ya sa ke ce a gida."